Cokalin Madam Falmata

Zan fara da laifina, don na san in ban faɗa da bakina ba, ku za ku faɗa da ƙari. Eh, ni ne na shige bayan labule na buga cokali. Ba iska ba ce, ba kuma kyanwar likita ba ce kamar yadda na rantse wa Kaka a lokacin. Ni ne, Lawali, yayanku, da hankalina da shekaruna goma sha takwas. Nafisa da Bashir, saboda ku nake cika kayen nan, littafin rubutuna, domin na ji labarin da kuke yaɗawa a unguwa, wai yayanku ya taɓu, yana yawo da cokalin shayi a aljihun gaba kamar bik na rubutu. Har Bashir ya gaya wa abokansa na tsafi ne. To ku zauna ku karanta. Wanda ya tsallake layi, Allah ya haɗa shi da ɗebo ruwa ranar da famfo ya ɗauke.

Bara ne lakwal ɗinmu, makarantar koyon aikin lafiya, ya tura mu istaji, wato koyon aiki a gaban masu aiki, a wata likitar unguwa, ƙaramin asibiti, a cikin Damagaram. Mu ba allura muke koyo ba, ba ɗaurin rauni ba. Namu shi ne zama da mara lafiya, a ji abin da ke damunsa bayan ciwon, a taimake shi ya riƙe maganinsa. Ranar da na yi wa Kaka wannan bayani, sai da ta ajiye goronta.

"Maigidana, me ka ce kana koyo?"

"Saurare, Kaka."

"Saurare? Kai? Kai da ungozoma ta ce tun kanka bai gama fitowa ba ka soma ba ta labari?"

Baba yana kan keken ɗinkinsa a zaure, bai ko ɗago ba. Ya ce da Inna, "Wannan ɗin ne zai saurari mutane? To, Allah ya ba mutanen haƙuri."

Ɗakin da aka ba mu, da can ma'ajiyar gidajen sauro ne. Tebur ɗaya, kujeru biyu, taga ɗaya wadda ba ta rufuwa ba ta kuma buɗuwa. An ja igiya daga bango zuwa bango, an rataya labulen atamfa mai zanen kifaye, kifayen duk sun koɗe kamar sun shekara a rana. A bayan labulen nan Madam Falmata take zama. Ita ce mai duba mu. Babarbariya ce, doguwa, ba ta da yawan magana, irin mutanen da in sun dube ka sai ka tuna laifin da ka yi tun kana goye. Kai kana gaba da mara lafiya, ita tana baya tana jin kowace kalma, da kofin gilashi na shayi da ƙaramin cokali a hannunta. In ta buga sau ɗaya, tin, ka yi shiru, ka cika magana. Sau biyu, ka koma baya, mutumin ya faɗi wani abu ka tsallake. Sau uku kuwa, ka nemi izini ka zo bayan labule, kuma ka zo da kalmar shahada a bakinka. Amma akwai dokar da ta fi duk waɗannan, wadda ta sa muka maimaita har muka gaji: kafin mutum ya buɗe baki, sai ka gaya masa wanda ke bayan labule. In bai yarda ba, Madam ta ɗauki kofinta ta fita.

Rannan Zara'u, ƴar ajinmu, tana gwaji da wani ɗalibi da ya zama mara lafiyar ƙarya, sai aka kira Madam a waya ta fita ta ƙofar baya. Na ga kujera ba kowa, na ga kofi, na ga cokali. Ku gaya mini, wane ɗan halak ne zai iya haƙuri? Na lallaɓa na zauna. Zara'u ta ce "Sannu da", na ce tin. Ta haɗiye sauran. Ta ja numfashi ta ce "Yaya ji", na ce tin. Ta yi tari, na ce tin tin. Ta koma baya tana neman abin da ta tsallake a cikin tarin. Ina ta murɗa cikina don kada dariya ta fito, hawaye na zuba, sai na ji inuwa ta rufe ni. Madam ba ta ja kunnena ba. Da ma ta ja. Hannu kawai ta miƙo, na sa mata cokalin, ta goge shi da gefen mayafinta kamar kare ne ya lasa.

"Ka gama?"

"Na gama, Madam."

"Tunda kana da ƙarfi haka, gobe Baba Ari naka ne."

Baba Ari ya riga ya gagari ɗalibai uku. Ba da faɗa ba, da shiru. Tsoho ne baduku daga wajen Takaya, siriri kamar sandarsa, yatsunsa sun rine ja saboda aikin fata. Tarin fuka ya kawo shi, ya sauka wurin ƴan'uwansa dukawa a Birni, tsohuwar unguwar garin. Kowace safiya yakan zo ya haɗiye ƙwayoyinsa a gaban majo, wato babban ma'aikacin likitar, Litinin da Alhamis kuma ya zauna da ɗayanmu. Maganin na wata shida ne. Majo ya gaya mana, wanda ya yanke a tsakiya, tarin yakan dawo da ƙarfin da ya fi na da, wani lokaci ma maganin ya daina cinsa. Aikina ke nan gaba ɗaya: kada tsohon nan ya yanke.

Na gaya masa akwai malamarmu a baya. Madam ta fito ta gaishe shi, suka ji harshen juna, sai fuskarsa ta ɗan saki. Ya ce mata "Wushe," ta ce masa "Wushe," suka yi ta jerawa da barbarci har na fara tunanin in je in ci abinci in dawo. Ta koma ta ja labule. Ni kuwa na gyara zama, na ɗauko fish, takardar da ake cika bayanin mara lafiya, na sa murya irin ta manyan ma'aikata. Akwai layin da ake rubuta wanda za a nema in mutum ya daina zuwa.

"Baba, ƴaƴa nawa?"

"Akwai su."

"To babban cikinsu, ɗanka na fari, yaya sunansa?"

Ya dubi taga. Na ɗauka kunne ne, na ƙara murya har kifayen labule suka motsa.

"Sunan ɗan farinka, Baba! Ko sun yi yawa har ka manta?"

Tin, tin, tin. Ban taɓa jin cokali ya yi fushi ba sai rannan. Na je bayan labule. Madam ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ba zai ji ba.

"Lawali, kai na nawa ne a gidanku?"

"Na fari."

"Babanka da wane suna yake kiranka?"

Ku kun sani. Baba yakan ce Nafisa, yakan ce Bashir, har da wasa. Ni kuwa tun da aka haife ni, "kai" nake, ko "wannan", in ya ji daɗi "mai surutun nan". Kunyar ɗan fari ce, kowa a garin nan ya san ta, ni da nake kwana ina tashi a cikinta na fi kowa sani. Amma da na ga layi a takarda, sai na bi layi na manta gidanmu.

"Koma ka ba shi haƙuri. Ka bar layin ba komai."

Ba zan iya gaya muku yadda zaman gaban labulen nan yake ba, sai wanda ya zauna. Idonka yana kan mara lafiya, amma ƙeyarka tana wani aiki dabam. Tawa har zufa take yi ita kaɗai, sauran jikina a bushe. Ina jin numfashin Madam, ina jin ta juya ƙafa, ina jin ta kai kofi baki, kowane motsi sai na fassara shi. In ta yi shiru da yawa in ce na ɓata. In ta motsa in ce na ɓata. A makon farko na sha tin ya fi gashin kaina, har Zara'u ta ce in mutum ya wuce ta bayan taga zai zaci maƙera aka buɗe. Abin ya bi ni har gida. Kun tuna safiyar da nake ba da labarin yadda na kusa kama ɓarawon akuya, Inna ta juya shayi cokali ya taɓa kofi, na tsaya cak da baki a buɗe? Daga ranar kuka gano. Bashir ya riƙa yawo da kofi a gidan nan kamar mai bara, ko gaisuwa na fara sai ya buga. Ban manta ba, kuma ban yafe ba. Amma ga abin da ban taɓa gaya muku ba. A hankali tsoron ya juye ya zama wani abu. Na gane in na yi ɓata, akwai mai dawo da ni kafin in yi nisa. Duk abin da mutum zai sauke a gabana, komai nauyinsa, ba ni kaɗai zan ɗauka ba. Sai na fara shiga ɗakin da ƙarfin zuciya, kamar yaron da ke koyon keke ya san ana riƙe masa sirdi.

Baba Ari kuwa ya samo tasa dabarar. Yana shigowa sai ya juya kujerarsa ta fuskanci labule, ya ba ni kafaɗa. Ya gaida kifaye, ya tambaye su gajiya, sannan ya soma. In na yi shiru sosai, yakan yi magana, amma ba da ni ba. Ya ba labule labarin yadda ake jeme fatar akuya, da yadda ruwan Takaya ya fi na birni daɗi, da wata gona mai gawo biyu. Can cikin zancen sai ya ce, "Wancan ne yake riƙe mini in zan yanka," ko "Wancan ya fi ni hannu a ɗinkin jaka," sai ya yi shiru. Tin tin, in ji Madam. In ce, "Baba, wancan ɗin fa?" Sai ya koma kan fatar akuya. Ni fa abin ya fara ci mini rai. Na je na sami Madam bayan ya fita.

"Madam, ni turke ne a ɗakin nan? Ko gaisuwa sai ya gama da labule yake jefo mini ragowa."

"Yana zuwa?"

"Yana zuwa."

"Yana shan magani?"

"Yana sha."

"To me aka ƙwace maka? Tsoho ba zai kwance zuciyarsa a gaban sa'an jikansa ba. Bar shi ya kalli inda ya iya kallo. Kai dai ka zauna."

Da aka shiga wata na uku tarin ya lafa, ya fara cika riga. Sai kuma ya fara cewa zai koma gida, wai gona na jiran shara. Ranar wata Litinin ya faɗa sau uku. Da ya fita, Madam ta daɗe tana juya cokali a kofin da ba komai.

"Ba gona ke kiransa ba. Akwai abin da ya kawo har bakinsa yau ya mayar. Ranar Alhamis zai faɗa, in Allah ya so. In ya faɗa, ina jin zai tsaya. In ya tafi da shi a ciki, ba za mu sake ganinsa ba."

Ranar Laraba aka yi wa Madam waya daga Gure, mahaifiyarta ta rasu. Ko kofinta ba ta ɗauka ba. Ta bar saƙo majo ya zauna a madadinta, Alhamis da safe kuma aka kwashi majo zuwa rigakafi a ƙauyuka. Ya rage daga ni sai Zara'u sai kifaye. Na leƙa ta taga na hango Baba Ari a layin magani, ya sa sabuwar hula. In na ce masa Madam ba ta nan, zai ce a gaishe ta, ya ɗauki sandarsa, ƙila daga nan sai tasha.

"Ni zan zauna," in ji Zara'u. "Ba magana zan yi ba. In ya gaishe ni in ɗan taɓa kofi. Ai kai ka koya mana."

"In Madam ta ji fa?"

"Wa zai gaya mata? Kuma don wa muke yi? Ba don ya rayu ba?"

Ina so in rubuta muku cewa na ƙi. Ban ƙi ba. Ni da hannuna na ja mata labulen, har na gyara gefen da ƙafarta ke leƙowa. Baba Ari ya shigo, ya juya kujera, ya ce "Wushe." Kofi ya ce tin, a hankali. Ya gyaɗa kai. Ya cire sabuwar hular ya ɗora a gwiwa, abin da bai taɓa yi ba, ya daɗe yana shafa ta.

"Ƴar'uwa, yau zan gaya miki. Ban gaya wa uwarsa ba, ban gaya wa liman ba. Ke kin san irin namu, shi ya sa. Wancan ɗin da nake ce miki..."

A nan na lura ƙeyata a bushe take. Ba zufa, ba ɗumi, ba komai. Na kasa kunne ina jiran bugu uku, ina roƙon su a zuciyata, a kira ni baya a ce mini Lawali me kake yi haka. Ba mai bugawa. Tsoho zai ciro abin da ya ɓoye wa matarsa ya miƙa wa yarinyar da ke cin gyaɗa a aji, yana zaton ƴar'uwarsa ce. Kuma in na bari minti biyar kawai, aikin ya yi kyau, ya tsaya, ya warke, ba wanda zai sani. Wallahi na auna wannan, ban ɓoye muku ba. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Baba, dakata," na ja labulen har ƙarshen igiya.

Zara'u na zaune da cokali a sama, ido waje. Baba Ari ya dube ta, ya dubi kofin, sannan ya juyo ya dube ni. Rannan ne ya fara kallona sosai, kuma da na san irin kallon da zai zama, da ban yi ta nemansa ba.

"Yaro, wasa kuka yi da ni?"

"Baba, an yi wa Madam rasuwa, mu kuma muka ji tsoron kada..."

"Allah ya ji ƙan wanda ya rasu."

Ya mayar da hularsa, ya ɗauki sanda. Bai buga ƙofa ba, a hankali ya ja ta. Juma'a bai zo layin magani ba. Asabar bai zo ba. Majo ya dawo ya tambaya, na ce ban sani ba, ya sa jan bik a gaban sunansa. Zara'u ta daina yi mini magana, ta ce da na bari da yanzu an wuce wurin, kuma ni kaina ban san ko ƙarya ta faɗa ba. A gida kuka ce an yi mini asiri don na ci tuwo ban ce uffan ba. Kaka ta taɓa goshina ta ce a kira majon namu, mijinta zai mutu bai sake ta ba. Kwana tara ke nan, kowace safiya ina tsaye a bakin ƙofar likita ina duba hular duk tsohon da ya ɓullo.

Madam ta dawo bayan addu'ar bakwai, ta rame, idonta ya faɗa. Muka yi mata ta'aziyya. Da sauran suka fita na tsaya, na faɗa mata komai, ban rage ba, kuma karon farko a rayuwata ban ƙara ba. Ta saurare ni har ƙarshe.

"Wa ya rufe labulen?"

"Ni."

"Wa ya buɗe?"

"Ni."

"To duka biyun naka ne. Tashi ka je Birni ka nemo shi."

"Tare za mu je, Madam?"

"A'a."

"In na ɓata fa? Wa zai buga mini?"

"Ranar Alhamis wa ya buga maka?"

Na tafi bayan azahar. Kun san lungunan Birni, ka bi wannan ya kai ka jikin dutse, ka bi wancan ya dawo da kai inda ka fito. Warin jima ne ya kai ni gidan dukawan. Na same shi shi kaɗai a zaure a kan buzu, da jar fata a shimfiɗe a gabansa. A hanya na shirya jawabi mai shafi bakwai, da gabatarwa da kammalawa. Na yi sallama, ya amsa, na durƙusa na gaishe shi, sai jawabin ya gudu ya bar ni. Abin da ya rage kaɗan ne.

"Baba, na yi maka laifi. Ni na shirya, ba yarinyar ba. Ka yafe mini."

Ya ci gaba da wasa wuƙarsa. Na zauna a bakin buzun. A lissafina mun yi shekara uku a haka, agogo kuma ya ce rabin awa. Ƙuda ya sauka a hancina, ya huta, ya kira danginsa. Labarai goma sha biyu suka zo mini har maƙogwaro, kowanne ya fi wani ban dariya, na danne su ɗaya bayan ɗaya. Ya yi tari sau biyu, kowane tari sai na ji shi a ƙirjina. Can sai ya turo mini gefen fatar ba tare da ya dube ni ba.

"Riƙe nan. Ja sosai. Ba haka ba, da hannu biyu."

Na riƙe. Ya sa wuƙa ya fara fitar da siririn zare, idonsa na kan fata, sai ya soma magana da ita kamar yadda yake yi da labule. Wancan, ɗansa na fari, ya shekara yana tari yana ɓoyewa, don kada a ce ya bar tsoho da aiki. Da aka kawo shi birni, ciwon ya riga ya cinye shi. Irin ƙwayoyin nan aka ba shi, bai kai wata biyu yana sha ba ya cika, ana tsakiyar shuka. Ranar zaman makoki Baba Ari ya zauna a ƙofar gida yana amsa gaisuwa kamar ɗan maƙwabci ne ya rasu, yadda ya kamata uba ya yi a kan ɗan fari. Mutane suka yi ta yaba dauriyarsa. Shekara talatin da wani abu bai kira sunansa ba, bai zaunar da shi kusa ba, bai taɓa ce masa aikinka ya yi kyau ba, ko da yake jakarsa ta fi ta kowa a kasuwa.

"Tarin nan a wurinsa na ɗauka, ina jinyarsa. Da ya kama ni har daɗi na ji, na ce ga abu ɗaya nasa da ya rage mini. Yanzu kun ba ni magani yana tafiya. Shi bai warke ba, ni tsoho ina warkewa. Da wane ido?"

Duk abin da ke cikin kayena ya taso: a yi haƙuri, ƙaddara ce, ka tuna sauran iyali. Na ji wurin da Madam za ta buga, na yi shiru. Muka gama zare ɗaya, muka fara na biyu. Da na buɗe baki, abin da ya fito ba ya cikin kowane darasi.

"Baba, ni ma ɗan fari ne."

Wuƙar ta tsaya.

"Uban naka yana nan?"

"Yana nan. Tela ne a Zango."

"Yana kiran sunanka?"

"Bai taɓa ba."

Ya daɗe yana dubana, ba irin kallon ranar Alhamis ba. Sannan ya mayar da wuƙa kan fata.

"To in ya ce kai, ka riƙa amsawa da sauri."

Ban yi masa zancen magani ba. Har na fito ina zagin kaina a lungu, na ce an aike ka abu ɗaya ka je ka riƙe fata. Washegari na riga mai shara zuwa likita. Bakwai ta yi, takwas ta yi. Wajen tara saura na hango sanda, sannan hula. Ya haɗiye ƙwayoyinsa, majo ya yi masa faɗa ya ce za a ƙara masa kwanakin da ya tsallake, ya ce to. Da ya shigo ɗakinmu bai zauna ba. Ya sa bakin sandarsa ya ɗage labulen da kansa. Madam na zaune. Ya yi mata ta'aziyya da barbarci, doguwa, ita ma ta yi masa tasa, ko da yake ban gaya mata komai ba tukuna. Ya saki labulen. Ya kama kujera zai juya ta kamar kullum, sai ya tsaya a rabi, kafaɗa ɗaya wajen kifaye, ɗaya wajena. A haka ya zauna har ƙarshen watanninsa. Na gaya muku a gida wai iya bakina ne ya dawo da shi. Ƙarya ne. Har yau ban san me ya dawo da shi ba.

Yanzu ga ni a Tirmini, istajin ƙarshe, a ɗakin da ba labule ba igiya. Mutane suna zuwa su zauna, su sauke abin da suka ɗauko, ni kaɗai a gabansu, ba kowa a bayana. Wani lokaci ina tsakiyar magana sai in ji na yi yawa, in tsaya in kasa kunne. Ba abin da nake ji sai awaki a waje. Da a ce yau za a ce mini Madam na bayan bangon nan da kofinta, ta buga mini sau ɗari a yini, har ta kira ni ta goge cokali a gabana, wallahi da na yi sadaka. Ina so in tambaye ta abubuwa da yawa. Ina so ma kawai in ji ta juya ƙafa. Kun kuma lura da na zo hutu, Baba ya ce "kai" daga zaure, na bar tuwo na taso har na yi tuntuɓe da buta, kuka yi ta dariya. To yanzu kun san dalili, sai ku rage.

Baba Ari ya cika watanninsa, aka auna shi aka ce ya warke, ya koma Takaya bayan an yi girbi. Ban sake jin labarinsa ba. Madam Falmata an ɗauke ta zuwa Diffa kafin mu gama shekara, ɗakin kuma an mayar da gidajen sauro cikinsa. Na kira lambarta sau biyu, ba ta shiga. A takardar istaji ta ba ni goma sha ɗaya bisa ashirin, ta rubuta a ƙasa: yana da surutu, ya fara ji. Cokalin kuwa, na sha gaya muku kyauta ta ba ni ranar sallama, har da hawaye. Ba ta ba ni ba. Ta juya tana ɗaure kayanta, na ɗauke.